Wai da gaske akwai ƙwayar cutar da ke cinye ƙwayar cuta? Ƙafar Babanmu ake shirin yankewa

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah duk wanda ya san wani abu a kan wannan ya taimaka min. Babanmu ne, mutanen unguwar Karantina ta nan Jidda sun san yana fama da suga tun tuni, toh wata huɗu kenan ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ma ji ba sai da Inna ta ga jini a silifas ɗinsa, wasa-wasa abu ya zama gyambo, an sha ƙwayoyi an yi allurai an sa ƙarin ruwa da magani a ciki har kala uku, jiya likita ya ja yayana gefe ya ce mazra'ar da aka yi, wato gwajin mugunyar ciwon, ta nuna ƙwayar cutar bata jin yawancin magungunan, in ba a ga canji ba za a cire yatsu biyu wataƙila har da rabin tafin. Ni kuma daren jiya ido biyu na kwana ina ta dube-dube a waya sai na ci karo da wani bidiyo wai akwai wasu bairos da ake samowa a ruwan kwata a zuba wa mutum su cinye cutar. Gaskiya ne ko irin ta intanet ce?

Hajiya Mai Waina: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ɗiyata, Allah ya ba Alhaji lafiya. Amma ruwan kwata kuma? Ana neman tsaftace ciwo a kawo masa kwata? Ki samu zuma mai kyau da habbatus sauda ki dinga ba shi da zamzam, ki bar wayar nan ki yi barci.

Baba Direba: Hhh ashe dukiya na yi shekaru ina zubarwa ban sani ba. Ku yaran yanzu baku san Buhairatul Misk ba, tafkin bahaya ne guda a gabashin Jidda, mu muke kai wayit, wato motar tanka, muna juyewa dare da rana, sunan miski warin kuma sai wanda ya je, ka dawo gida ka yi wanka sau biyu uwargida ta ce ka ƙara. Bayan ambaliyar 2009 aka tsorata kar ya ɓalle wa gari aka ƙafar da shi. Da an ce min magani ne da na cika jarkoki na ajiye. Allah ya ba abokina lafiya 'yata, tare muka yi zaman unguwar Sabil da shi.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanan, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Abin da bidiyon yake magana a kai gaskiya ne, sai dai yadda masu bidiyo ke nunawa kaman sha yanzu magani yanzu, toh nan gizo ke saƙar. Ni aikina kenan a mukhtabar, wato ɗakin gwaje-gwaje, mu muke yin mazra'ar nan, ya'ani mu ɗebo mugunya mu shafa a wani faranti mai abu kaman daskararren romo, mu sa a ɗumi ya kwana, ƙwayar ta tsiro ta rufe farantin, mun riga mun jera 'yan ƙananan takardu masu magani a kai, wanda ya yi aiki za ki ga fili ya zagaye shi tas, wanda bai yi ba ƙwayar har gindinsa take zuwa ta zauna. Ran da ka buɗe faranti da safe ka ga babu fili ko ɗaya wlh sai gabanka ya faɗi, don ka san mutum ne a bayan lambar nan.

Su waɗanda kika gani sunansu bakteriyofej, a gajarce fej, Larabawa su ce athiyat, ma'anar bakteriyofej ɗin maci bakteriya. Bairos ne amma ba irin na mura ko korona ba, shi ba ruwansa da ɗan Adam, bakteriya kaɗai yake kamawa. Gaba da gabanta kenan, ita ma cutar da tata cutar. Yawancinsu kai ne da jela, sai ya ɗafe a jikin bakteriya ya tsira mata ƙwayar halittarsa a ciki, ita kuma ta bar harkarta ta koma ƙera masa 'ya'ya, sau da yawa kafin awa guda ta fashe, gomomi ko ɗaruruwa su fito kowa ya nemi ta kusa da shi. In ka ɗiga shi a faranti washegari za ka ga 'yan ramuka garai-garai kaman gara ta ci tabarma. Kuma ba baƙo bane, yana ƙasa yana teku yana hanjinki yanzu haka, masana sun ƙiyasta yawansu a duniya da lamba 1 ka jera mata sifili 31. Dalilin kwata kuwa mai sauƙi ne, inda bakteriya ta yi yawa nan mai cinta yake taruwa, mai neman kura ai mahauta zai nufa.

Ɗan Gadarif: Allahu akbar! Kun gani ko? Ni na daɗe ina faɗa a gidan nan, magani yana nan kyauta Allah ya zuba a ƙasa kamfanonin Turawa suka danne don su yi ta sayar mana da kafso. In ba haka ba me ya sa bamu taɓa ji ba sai yau?

Ɗalibin Madina: Ɗan'uwa Turawan ne ma suka gano shi ai. Wani Bature ɗan Ingila Firedirik Tuwot ya fara lura da shi a 1915, sai Felis Derel a cibiyar Fasto ta Faris a 1917, shi ya raɗa masa sunan. A 1919 ya ba yara masu atuni a wani asibitin yara a Faris, kuma kafin ya basu sai da ya kurɓa da kansa don a ga ba guba bane. Abin da ya fi bani sha'awa shine labarin ya taɓo mu nan, don a wajajen 1925 Derel ɗin yana Iskandariyya yana aiki da hukumar killace matafiya ta Masar, babban aikinsu sa ido kan alhazai masu komawa daga Makka da Madina kar su kai kwalara da annoba Turai, a can ya gwada fej a kan mutum huɗu masu annobar nan ta ɓeraye suka tashi, daga baya ya wuce Indiya yaƙin kwalara. Ke ma Maman Hanan unguwarku sunanta daga nan ya fito, karantina ai wurin killace alhazai ne. Kakanninmu da suka tako a ƙafa ta Chadi da Sudan suka hau jirgin ruwa a Sawakin sun san wannan killacewar sarai.

Ɗan Gadarif: Toh ai ka ƙara min hujja malam. Abu tun 1919 yana aiki, ina ya shiga?

Ɗalibin Madina: Fenisilin ya taka shi. Wani Bature mai suna Filemin ya gano shi a 1928, zuwa yaƙin duniya na biyu ana yinsa da yawa, kuma shi magani ɗaya ne ya kashe cuta iri-iri, ka sa a kwalba ka aika ko'ina. Fej kuwa mai zaɓe ne, kuma a lokacin ko ganinsa ba a taɓa yi ba sai wajen 1940 da aka samu madubin lantarki, wasu kamfanoni suna sayar da ruwa a kwalba wanda fej ɗin ciki ya riga ya mutu, wani ya sha ya warke wani ya sha ba labari, likitoci suka yi watsi. Inda bai mutu ba shine Tarayyar Sobiyet. Wani ɗan Jojiya Eliyaba ya kafa cibiya a Tibilisi a 1923, Derel da kansa ya je ya yi aiki da shi, gwamnatin Stalin ta kashe Eliyaba a 1937 amma cibiyar tana nan har gobe da sunansa, a Jojiya da Rasha kantin magani za ka shiga ka saya. Folan ma suna da tasu a Birotswaf. Sai aka shiga yaƙin cacar baka, duk abin da ya fito daga ɓangaren 'yan gurguzu Yamma bata ko kallonsa.

Abu Sumayya: Amma kar a ce Ɗan Gadarif bashi da gaskiya ko kaɗan, maganar kuɗi tana ciki. Kamfani yana son abin da zai yi wa rajista ya zama nasa shi kaɗai ya sayar wa miliyoyi, toh wa zai zuba dukiya a kan abin da ɗalibi zai iya kamfatowa a lambatu, kuma wanda za a canza wa kowane majinyaci? Ba ɓoyewa aka yi ba, ba a ga riba bane.

Bint Mai Wurno: Salam. Na karanta duka, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 12 na yi a ɗakin tiyata a Sudan kafin yaƙin 2023 ya watsa mu, ƙafar masu suga na wanke ba adadi. Yaya Maman Hanan dan Allah ki saurare ni da kyau don tarihin nan da daɗi amma ke ƙafa ce a gabanki. Gyambon mai suga ba ƙwayar cuta kaɗai bace. Jijiyoyin jini sun tsuke jini baya isa yatsun, jijiyoyin ji sun mutu shi ya sa ƙusa ta shiga bai sani ba, sugan kuma in yana sama naman baya haɗewa. Ko an kashe ƙwayar tas in jini baya zuwa wurin bazai warke ba, kuma naman da ya riga ya yi baƙi ya mutu babu fej babu zuma babu abin da zai dawo da shi. Na ga wani dattijo da aka ce a cire masa yatsa ɗaya, 'ya'yansa suka ce a'a suka tafi da shi wajen mai magani, bayan sati uku suka dawo da shi a bayan karo yana sambatu, warin tun daga ƙofa, sai a saman gwiwa aka yanke. Har yau ina tuna yadda yake shafa zanin gadon yana neman ƙafar. Ban ce kar ki bincika ba, amma kar binciken ya sa ku ce wa likita ya jira.

Maman Hanan: Wlh jikina ya yi sanyi. Yatsa ɗaya kam ya fara baƙi, ɗayan ja ne ya kumbura. Toh amma wanda na gani a bidiyon an ce har ya suma watanni ya tashi fa.

Abu Sumayya: Na san wanda kike nufi, Tom Fatason ne, malamin jami'a a San Diyego ta Amurka. Shi da matarsa suka je yawon buɗe ido Masar ƙarshen 2015 ciwon ciki ya kama shi, aka kai shi Jamus aka wuce da shi gida, ashe wata ƙwaya ce Asinetobakta wadda ta gagari magunguna, ya shiga dogon suma. Matar tasa Stefani Stratdi ita kanta masaniyar cututtuka ce, ita ta bi jami'o'i tana roƙo, wata jami'a a Tekzas da ɗakin binciken sojan ruwan Amurka suka ɗauki ƙwayar jikinsa suka yi ta gwada fej ɗin da suke da su har aka samu masu cinta, a watan Maris 2016 aka zuba masa a ciki aka kuma sa masa ta jijiya, cikin 'yan kwanaki ya buɗe ido. Duk gaskiya ne. Abin da masu bidiyo basa faɗa, ƙwayar ta koyi kauce wa fej na farko sai da aka sake komawa ruwan bahaya aka nemo wani, kuma ana bashi antibayotik tare, kuma sai da ya yi kusan wata tara a asibiti. Ki duba mutum nawa suka tsaya a kan mutum ɗaya, jami'o'i da soja da hukumar magunguna.

Fej kaman makulli ne da kwaɗo. Ba wai na Asinetobakta zai ci kowace Asinetobakta ba, wani sa'in ta jikin wane yake ci ta jikin wane ya wuce ta ko kallo. Shi ya sa dole a fara da ƙwayar majinyacin, a aika ta inda suke da rumbun fej, a gwada a faranti, a yawaita wanda ya dace, a tace shi sosai don gawar bakteriya tana da dafin da in ya shiga jini zai iya kashe mutum. Wannan makonni ne, in babu a rumbu ma watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba abu bane da za ki shiga saidaliyya, wato kantin magani, a nan ki ce a baki.

Ɗan Gadarif: Toh in a kwata yake me zai hana mutum ya tace da kansa? Tambaya ce kawai kar a cinye ni.

Bint Mai Wurno: La haula. Ƙanina kar ka sake faɗin wannan ko da wasa, akwai masu karantawa su aikata. Mu da muka ga abin da kwalara ta yi a Gadarif da Kasala.

Abu Sumayya: Bari in ƙara maka abin da zai baka mamaki, ita kwalarar ma fej ne ya bata makami. Akwai fej iri biyu, mai fasa bakteriya nan take, da mai shiga ya kwanta a cikinta ya zama ɗan gida, toh irin na biyun yakan zo mata da tsaraba, dafin da ke sa gudawar kwalara daga fej ta samo shi, na mashaƙo ma haka. Shi ya sa kafin a ba mutum sai an karanta halittar fej ɗin kaf an tabbatar ba mai kwanciya bane kuma baya ɗauke da mugun abu. Wannan ba aikin rariya da tsumma bane.

Hajiya Mai Waina: Ni dai tambayata ɗaya, ina Malam? Abin da ya fito daga najasa a ɗura wa musulmi a jijiya ya tashi ya yi salla da shi, ya halatta?

Malam Na Misfala: Ina nan Hajiya ina bi a hankali. Allah ya ba Alhaji lafiya ya sa kaffara ne. In na fahimci bayanin Abu Sumayya, abin da ake ba majinyaci ba ruwan kwatar bane, iri ake ɗaukowa a raine shi a wuri mai tsabta ya hayayyafa a sake ɗauka a sake rainewa a tace, har ya zama babu launi babu wari babu ɗanɗanon najasa. Malamai suna da babin istihala, wato abu ya canza daga asalinsa, kaman shukar da aka yi wa taki ai ba a ce 'ya'yanta najasa ne. Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar nan Saudiyya tun 1978 ta ce ruwan bahaya in an tace shi har ya koma asalinsa ya tsarkaka. Wannan ƙiyasi ne nake yi ba fatawa nake bayarwa ba, amma ban ga abin tsoro ba, balle ga lalura. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani.

Ɗan Gadarif: Malam ai ni ina ganin wannan shine hadisin ƙuda ma, fiffike ɗaya cuta ɗaya magani, fej ne a ɗaya fiffiken!

Malam Na Misfala: Hadisin yana cikin Bukhari ba mu da ja a kansa. Amma ɗana ka bar ɗaura hadisi a wuyan binciken da gobe zai iya canzawa, in ka ce fej ake nufi gobe wani ya zo ya nuna ba haka ba sai yaro mai raunin imani ya ɗauka hadisin ne ya faɗi, alhali fassararka ce ta faɗi.

Ɗalibin Madina: Jazakallahu khairan Malam. Abu Sumayya ni abin da nake son ji, ban da labarin mutum ɗaya ɗaya an taɓa gwadawa a kan mutane da yawa? Don na karanta na wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan da aka yi wa dashen huhu, aka wallafa a 2019, ɗaya daga fej ukun da aka bata wai a jikin ruɓaɓɓen gauta aka samo shi a Afirka ta Kudu. Labari da daɗi amma wanda aka ba bai tashi ba ai ba a yi masa bidiyo.

Abu Sumayya: Ka taɓo inda ke ƙaiƙayi. An yi wani gwaji a Faransa da Beljiyam a kan masu ƙuna da wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas ta kama, mutum 27 kacal aka samu, sakamakon ya fito fej ya fi maganin da aka saba shafawa jinkiri, da aka bincika ashe fej ɗin sun yi ta mutuwa a cikin kwalba tun a ajiya, abin da ya isa jikin majinyata ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ka ga matsalar zamanin Derel ce ta dawo. A ɗaya ɓangaren asibitin soja na Sarauniya Astirid a Burasels sun fitar da bayanin mutum 100 da aka yi wa tsakanin 2008 da 2022, kusan kashi 77 sun samu sauƙi, kusan kashi 61 an kawar da ƙwayar, kuma sun ga in ba a haɗa da antibayotik ba kawar da ita ya fi wuya nesa. Sai dai babu rukunin da aka bari ba a ba su ba balle a kwatanta. Beljiyam tun 2018 ta yarda mai haɗa magani na asibiti ya haɗa wa majinyaci nasa bisa takardar likita, Amurka kuma sai an nemi izini na musamman in komai ya gagara. A kan ƙafar masu suga ma an gwada a Amurka da fej ɗin Tibilisi a yatsun wasu 'yan tsiraru aka wallafa a 2016 yatsun suka warke, amma ƙwayar Istaf ce ke jikinsu, kuma 'yan tsiraru ne.

Wanda ni ya fi burge ni na jami'ar Yel ne, sun samo wani fej a wani tafki wanda ƙofar shigarsa jikin Sudomonas ita ce famfon da take tofar da antibayotik waje da shi, toh in ta toshe famfon don ta tsere wa fej sai magani ya kama ta, in ta bar shi a buɗe fej ya shiga. Gaba kura baya sayaki.

Baba Direba: Maganin biri karen Maguzawa kenan. Amma ku tsaya, ni tambayata wa ya koya wa cutar nan taurin kai tun farko? Da can ja da yalo guda biyu ka watsa ka tashi.

Bint Mai Wurno: Baba da girmanka amma kai ka amsa da bakinka, guda biyun nan ne. Mu muka koya mata. Mura antibayotik, ciwon kai antibayotik, yaro ya yi zawo a buɗe kafso a zuba a koko, a sha kwana biyu an ji sauƙi a ajiye sauran sai wani ya kwanta a miƙa masa. Raunanan su mutu masu taurin su rage su hayayyafa. Mu ma ma'aikata ba mu fita ba, na yi aiki a wurin da duk wanda ya shigo da zazzaɓi allurar seftirayazon ake tsira masa ba gwaji ba komai don dangi in ba a yi allura ba cewa suke ba a duba shi ba, ga na kaji da na shanu da ake zubawa a ruwan sha. Filemin kansa ya yi wannan gargaɗin tun 1945 da ya karɓi kyautar Nobel. Binciken da mujallar Lanset ta fitar ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 wannan gagarar maganin ta kashe kai tsaye, kuma inda abin ya fi muni a duniya yammacin Afirka ne, ƙasar kakanninmu.

Hajiya Mai Waina: Gaskiya ne wlh, ni kaina duk mai zuwa umra daga gida sai na ce ya taho min da amfikulos, tunda nan suka hana.

Abu Sumayya: Hajiya kin tona kanki hhh. Tun 2018 aka tsananta, mai saidaliyyar da ya bayar ba wasfa, wato takardar likita, tararsa tana iya kaiwa riyal 100,000, shi ya sa suke ƙi ba rowa bace. Nan Jidda ma aka yi babban taron ministocin duniya a kan wannan matsalar a Nuwamba 2024. Amma jakar alhazai ba a hana ta ba, sai ku ci gaba.

Bint Mai Wurno: Kuma kafin mutanenmu na Sudan su fara murna, fej a firji ake ajiye shi, sai da mukhtabar mai aiki da wutar da bata ɗaukewa, mu yanzu insulin ma ya muke da shi. Sannan wata ta yi min magana ta gefe wai ko zai yi wa ƙaninta maganin madura, wannan kumburin ƙafa mai fitar da tsaba da ya addabi manoman Jazira da Sinnar, 'yar'uwa yawancin na Sudan naman gwari ne ke kawo shi ba bakteriya ba, fej baya taɓa shi, ku nemi likitocin da suka san shi tun bai ci ƙashi ba.

Ɗan Gadarif: Ni dai har yanzu ina kan bakata, da ciwon nan 'ya'yan masu kuɗi yake kashewa da tuni fej yana kowane kanti. Ga jami'o'i ga kuɗi a ƙasar nan, ga alhazan duniya suna zuwa da ƙwayoyin kowace ƙasa, ai nan ya kamata a tara rumbun da ya fi na kowa.

Abu Sumayya: Wannan ta ƙarshen na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Maman Hanan ga abin da za ki yi gobe, ki karɓi takardar mazra'ar ki duba sunan ƙwayar da jerin magungunan, gaban kowanne akwai harafi, R bata ji, S tana ji. Ki tambayi likita ko an auna gudun jini a ƙafar, ko ciwon ya kai ƙashi, ki ce a haɗa ku da likitan cututtuka masu yaɗuwa, shi za ki yi wa maganar fej kai tsaye ba kunya, ki roƙa mukhtabar su adana ƙwayar kar su zubar don duk inda za a nema da ita za a fara. Duk mai ce miki a WhatsApp yana da shi ki turo kuɗi ɓarawo ne.

Maman Hanan: Salam 'yan gida, afuwan jiya ban dawo ba a asibiti muka yini. Ga abin da ke takardar, Pseudomonas aeruginosa, na ƙirga R guda tara S guda biyu. Na yi wa likitar maganar fej ina ɗari-ɗari sai ta yi murmushi ta ce ta sani amma ba abin da za ta iya rubuta min a wasfa bane, ta ce tunda akwai S biyu ba a kai bango ba, sun canza masa zuwa ɗaya daga ciki tun daren jiya. An auna jinin ƙafar an ce wata jijiya ta toshe a ƙasan gwiwa, ranar Talata za su buɗe ta, baƙin yatsan kam za a cire mun sa hannu, ɗayan za su jira su gani. Ƙwayar ma sun ce za su ajiye. Shi Baba ko a jikinsa, tambayarsa ɗaya wai zai iya ɗawafi da ƙafarsa a Ramadan ko sai a keke, don shi bai yarda yara su tura shi ba.

Abu Sumayya: Sudomonas ake karantawa, harafin farkon ba a faɗarsa. Alhamdulillah da S biyun nan, a sha shi har ranar da suka ce ko da ciwon ya bushe.

Baba Direba: Talata ƙarfe nawa? Ki ce wa yayanki kar ya nemi taksi, zan zo bayan asuba in ɗauki Innarku, ku jira ni a bakin masallaci don motar bata shiga lungunku.

Hajiya Mai Waina: Zan ba Baba Direba kula ya taho muku da ita, waina da miyar taushe.

Bint Mai Wurno: Hajiya wainar ta masu jinya ce fa, shi Alhaji a zuba masa miyar kawai, kuma daren Litinin in sun ce kar ya ci komai kar Inna ta ji tausayi ta bashi ko shayi.